Dila Uku a Wutsiyar Jirgi

Taubashina, ɗan gwaggona, ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, kafin azahar an kai shi. Tun daga lokacin nake zaune cikin mata a tsakar gidansa da ke bayan tashar Jibiya, ina jan carbi, idona ƙamas. Wasu suna cewa tsufa ne ya busar mini da hawaye. Ba tsufa ba ne. Mutuwa rigar kowa ce, ba ita ta hana ni kuka ba. Bakin masu gaisuwa ne.

Kashi biyu suke, kuma duk na gaji da su. Na farko su ne masu labarin ranar kasuwa. Daga cikin gida ina jiyo maza a zaure, kowa yana rantsuwa shi ma yana wurin ranar da marigayi ya ratsa saman Jibiya da jirgin yaƙi, har da waɗanda a lokacin ba a ko yi auren iyayensu ba. Babban ɗansa ya tono hoton da uban ya binne a ƙasan akwati, wanda yake tsaye jikin ƙaramin jirgin da hular ƙarfe a hammata, ya kai an ƙara masa girma, ya jingina a zaure. Kashi na biyu su ne masu shigowa cikin gida su sassauta murya, su ce Allah shi jiƙan shi, shi yafe mashi abin da ya yi wa ɗan'uwansa. Wata har da ƙarin cewa ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tir da wannan addu'a mai ƙaya a ciki.

Ni na san abin da ya faru tsakaninsa da yayan nan nasa. Na fi shekara arba'in ina danne da shi, ina ji ana kiran mutumin kirki mai yanke zumunci, ban taɓa buɗe baki ba, saboda da hannuna a ciki dumu-dumu. Abin da nake ta juyawa ke nan a kan tabarmar makoki: ko in faɗa, ko in bari a binne sunansa da ƙazantar da ba tasa ba.

Uwarsa ƙanwar babana ce, don haka shi ɗan mace ne, ni 'yar namiji. Tun muna tatata bawana nake ce masa, shi kuma ya ce uwargijiyata mai bakin ganga. Ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ko da ya zama hafsan sojan sama, yana shigowa gari mutane na cire hula, ni da ya sa ƙafa a gidana sai in miƙa masa tsintsiya in ce ga shara can tana jira. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in fara dama wa bawa fura tukuna.

Ranar kasuwar da ake ta yayi, ina wurin, kuma ba abin alfahari na gani ba. Bayan an gama yaƙin basasa ne, ranar Lahadi kasuwa ta cika. Sai muka ji kamar sama ta tsage, wani abu ya wuce daidai kan bishiyoyi, kafin ka ɗaga kai ya ɓace. Raƙuma suka tsinke, kaji suka watse, mutanen Nijar, waɗanda muke ce wa mutanen Faransa, da suka zo cin kasuwa suka kwanta rub da ciki. Da aka gane ɗan gari ne sai guɗa. Abin da masu labari ba sa faɗa shi ne, jakin wata mai tukwane daga Daddara ya zabura ya kayar da ita, ƙugunta ya goce, ba ta ƙara miƙewa daidai ba har ta koma ga Allah. Sai daga baya taubashina ya ji. Daga shekarar, duk kaka sai an kai mata gero da dawa daga gonarsa, kuma bai yarda a gaya mata daga ina ba. Shi ya sa hoton ya koma ƙasan akwati.

Sai kuɗin mai suka yi ambaliya. Gwamnati ta sayo manyan jiragen dakon kaya masu inji huɗu, ciki kamar rumbu, har mota ke shiga ta baya. Aka rasa isassun matuƙa, aka tsinto wasu daga cikin masu jiragen yaƙi, sunansa ya fito. Ya zo hutu fuska a murtuke, ya zauna a tsakar gidana ya ce an raba shi da doki an ba shi takarkari. Ni kuwa me zan yi in ba dariya ba. Na ce to barka da zama direban gingimari. Wallahi daga bakina wannan suna ya fita, gari ya ɗauka, aka yi ta cewa an rage masa girma ne don tsoro ya kama shi.

Aka tura shi ƙasar waje ya koma ɗalibi. Da ya dawo bayan watanni, sai na ga wani mutum daban. Ya ce da farko har kunya ya sha, don hannunsa ya saba da jirgin da kafin ka gama tunani ya juya, sai ya riƙa fizgar babban kamar linzami, malaminsa yana buge masa hannu kamar yaron makarantar allo. Babban jirgi, in ji shi, sai ka roƙe shi tun daga nesa, ka jira ya amsa. A da shi kaɗai ne a sama, ba mai ce masa kanzil. Yanzu ga mataimaki a gefe, ga injiniya a baya, ga wani saje mai lodi wanda ko kusa bai kai shi muƙami ba, amma in ya ce lodi bai daidaita ba, ko janar ne a ciki ba a tashi. Ya ce wannan ya fi komai yi masa wuyar haɗiya.

Na ce to ai har yanzu gingimari ce. Sai ya daina dariya.

“Uwargijiyata, ƙaramin nan kujerarsa na da igiya. In abu ya ɓaci sai ka ja, ta cilla ka waje, lema ta buɗe, ka sauko abinka. Babban ba shi da ita. Duk wanda ka ɗauko, tare za ku sauka, ko a ƙasa ko a lahira.”

Ya ɗauki muciyata ya ɗora a kan yatsa, ya nuna mini yadda take tsayawa in an sami tsakiyarta, ya matsa kaɗan ta rinjaya. Ya ce haka jirgi yake, ba yawan kaya kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye su, kuma komai sai ya hau sikeli an rubuta. Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya ce wannan a kasuwar Jibiya ne, sama mudu take so. Na ji da kunnena, na gani da idona. Kada wani ya ce ban sani ba.

Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai gane haukan da aka yi ba. Kowa ya zama ɗan kasuwa. Manomi ya jingine garma ya koma bakin iyaka. Atamfa da shadda da leshi da turare suna kwararowa daga Maraɗi, na kan hanya manyan motoci na jere gaban duwan, wato kwastan na Nijar, na daji raƙuma na bi da su ta wajen Riko. Ni ma ina sana'ar atamfa daga cikin gida, kuma ina so in wuce sa'a. Wahalar ita ce kai kayan Ikko, inda suke da daraja, don hanyar shingen bincike ce, shinge bayan shinge.

Yayansa, wanda suke uba ɗaya, shi ne babban ɗan kasuwar unguwarmu, Alhaji muke ce masa. Shi ya fara cewa ga gingimarin da ba shinge a hanyarta. Kuma a al'adarmu bai faɗi abin mamaki ba. A nan ɗan gari mai mota ba ya ƙin saƙon ɗan'uwa, kuma mota ba ta taɓa cika, ko yaya ta danƙare akwai wurin buhu ɗaya. Sau uku Alhaji yana tara masa dattawa, sau uku ƙanen yana cewa su yi haƙuri, jirgin ba nasa ba ne, kuma abin da ba a auna ba ba ya hawa. Aka ce boko ya cinye shi. Har saƙon kilishi da daddawa tsofaffi suka riƙa kawowa a kai wa 'ya'yansu, ya karɓa ya aika da motar haya, bai gaya musu ba.

Sai Alhaji ya biyo ta kaina. Ya ce ya riga ya san yadda ya yi da wani kofur cikin masu ɗora kaya a Kano, rana da lokaci kawai yake nema, kuma ni ce ƙanen nasa ba ya ɓoye wa komai. In na samo, in kawo nawa kayan a haɗa.

Da wasa na yi shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Taubashina ya zo, na dama masa fura, na ce ashe direban gingimari ko ranar tafiya ba a gaya masa, sai dai a ce hau ya hau. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce ai bawa bai san ranar aike ba. Yana dariya ya ce to in kafa kunne ranar Alhamis bayan azahar, in ji ko ba shi zai ɗaga daga Kano ba. Kafin kwanon furar ya bushe, maganar ta isa kunnen Alhaji. Na ɗaure dila uku, kowace na sa mata jan zare a kunne, alamar da nake yi wa kayana tun ina tallar goro, wadda shi da kansa yake tsokanata da ita.

Abin da ya faru ranar Alhamis ɗin, daga bakinsa na ji, sau ɗaya tak. Sojoji aka yi wa canjin wurin aiki, aka ɗebo su da iyalansu, mata da yara da tukwane da katifu. Sajen lodi ya auna komai, ya rubuta, ya kai masa takarda ya sa hannu. A ɗan tsakanin nan kofur ya cusa kayanmu. Kuma da hikimar tasha aka yi, wai a sa su can ƙarshe bakin ƙofar baya, a rufe da tamfol, don a yi saurin sauke su a Ikko kafin ido ya gani. A mota wannan dabara ce. A jirgi wutsiya ke nan.

Ya ce suna barin ƙasa hancin jirgin ya ɗaga sama da kansa, ya ƙi dawowa. Shi da mataimakinsa suka danna sitiyari da duk ƙarfinsu, jirgin yana karkarwa, gudunsa yana raguwa. Ya ce hannunsa na dama sai da ya kai tsakanin ƙafafunsa yana laluben igiyar nan, tsohon sabo, ya tarar ba komai. Sai ya yi wa sajen tsawa a kan kowa ya matso gaba. Mutane suka kwance ɗamarar kujera suna rarrafe, suna hawa tudu a cikin jirgi. Wata mata mai goyon tagwaye ta ɗaure ɗaya a baya, ta kama rigar ɗayan da haƙori, ta ja jiki da hannu biyu. Da nauyin mutanen nan hancin ya sauko. Ya zagayo ya dire.

Da aka yaye tamfol, ga diloli da sunan Alhaji ɓaro-ɓaro da baƙin tawada, ga motarsa ma ba ta bar bakin filin ba. Manya suka tambaye shi ko ya san mai sunan, ya ce yayansa ne. Bai ƙara ba, bai rage ba. Aka ƙwace kayan, Alhaji ya yi watanni a tsare. Shi kuma, da yake shi ya sa hannu a takarda kuma sunan gidansu ne a kan kayan, aka sauke shi daga tuƙi na wani lokaci, kuma daga nan muƙaminsa bai ƙara motsi ba har ya ajiye aiki. Dila uku aka rasa mai su.

Bayan sati biyu ya yi sallama a gidana. Na fito da tsintsiya kamar kullum. Bai dube ta ba. Ya tsaya ya ba ni labarin nan daga farko har ƙarshe, murya a kwance. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zuba mini jan zare uku a tafi. Kafin manyan su iso ya tsinke su.

“Ga kayanki, Hajiya,” in ji shi.

Ko Makka ban je ba a lokacin. Daga ranar bai ƙara ce mini uwargijiyata ba. In mun haɗu sai ya rusuna, ya tambayi maigida da yara, ya yi mini fatan alheri kamar baƙuwa. Bikina da sunana bai taɓa fashi ba, da maigidana ya rasu shi ya tsaya a kan komai. Amma wasa ya mutu. Wanda ba shi da taubashi ba zai san ciwon wannan ba. Da mari ya yi mini, da na fi jin sauƙi.

Garin kuwa ya yanke hukuncinsa. Gwaggo, uwarsa, ta matsa masa ya je ya ba yayansa haƙuri, ya je ya tsuguna a zaure gaban dattawa. Yana buɗe baki zai yi bayani Alhaji ya shuri takalmi ya fita. Dattawan suka ce ai kun sauka lafiya, mi ye na tona asirin ɗan'uwa. Kun ji fa. Tunda ba a kwashe gawa ba, ba a yi laifi ba. Ya kama bakinsa, bai sake tayar da maganar ba, don in ya ja ta da nisa dole a tambayi wanda ya ba da rana.

Da ya dawo gida ya kama noma a Kusa, sai ya zama abin dariyar tasha. Ba ya wuce mota ana lodi bai tsaya ba. Ya ɗaga buhu ya ji nauyinsa, ya duba taya, ya ce wa direba a mayar da wannan tsakiya. Suka sa masa Baba Sikeli. In motar da ya shiga aka ƙara mutum ɗaya bayan ta cika, sai ya sauka ya taka da ƙafa, ko da rana ta take. Yaran mota suna yi masa ihu a baya, yana tafiya yana cewa sama ba ta san ɗan'uwa ba, kwalta ma haka. Yau ga su can a zaure, su ne masu cewa an yi rashin jarumi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, sai aka ce mata su gyara ga Alhaji nan. Ko jana'iza bai zo ba. Ya tsufa tukuf, ido ya tafi, ɗansa na riƙe da hannunsa. Mata suka hau raɗa, kai dattijo, kai mai haƙuri. Ya tsaya gaban matar marigayi, ya gyara murya yadda kowa zai ji.

“Ku shaida, na yafe mashi duniya da lahira.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Alhaji, mi ka yafe mashi? Mu ya kamata mu tsuguna, ni da kai.”

Na kwance bakin zanena na fito da zaren nan uku, sun koɗe sun koma kalar ƙasa. Na faɗi komai, furar da na dama, ranar da na sayar, tamfol, wutsiya, mai tagwaye da riga a haƙori. Wata ta ja ni tana cewa Hajiya ranar addu'a ce, na fizge hannuna. Na ce shekara arba'in muna ranar addu'a.

Alhaji ya lalubi turmi ya zauna.

“Mata kika ce? Da yara?”

“Cike da jirgin.”

“Ban taɓa tambaya ba,” in ji shi.

Shi ke nan abin da ya faɗa. Mutum ya riƙe ƙanensa a zuci fiye da rabin rayuwarsa, ya san adadin dilolinsa har yau, amma bai taɓa tambayar su wa ke cikin jirgin ba. Ni ma da na sani, me na yi da sanin? Ya miƙo hannu na sa masa zaren, ya murza su da yatsa, ya ce a fitar da shi. Ban san abin da ya faɗa a zaure ba. Hoton dai yana nan a jingine, kuma da la'asar na jiyo wani sabon baƙo ya ɗauko labarin ranar kasuwa daga farko.

Da mata suka ragu, matarsa ta kira ni ɗaki. Na shiga ina jiran ta tsine mini, don ta isa. Sai ta ce ta daɗe da sani. Ta ce cikin ciwonsa na ƙarshe ya bar mata saƙo, ya ce kada ta faɗa sai in na yi magana da kaina.

“Cewa ya yi, in na mutu uwargijiyata za ta tona. Ku ƙyale ta. Bakin gangar nan bai taɓa riƙe komai ba sai wannan, ya isa ta sauke.”

Ta ce yana faɗa yana dariya har tari ya sarƙe shi.

A nan hawayen da suka ƙi zuwa kwana uku suka ɓalle. Ya jira sai da ya tabbata ba zan iya ramawa ba, sannan ya tsokane ni.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka sauke shi lafiya kamar yadda ya sauke 'ya'yan mutane, ka yalwata masa kabari, ka nauyaya mizaninsa. Kai kuma bawana, ka gudu ba ka yi mini shara ba. Tsintsiyar tana nan bayan ƙofa inda ka bar ta.